Tambayar da Yaro Ya Kai wa Waya

A watan Nuwamba na shekarar 2022, ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar da ke tsara manhajar makarantun ƙasar nan da ta cire darussan da suka shafi jima'i daga cikin abin da ake koya wa yara. Hujjarsa ita ce, wannan aiki ne na iyaye da shugabannin addini, bai kamata a bar wa malamin aji ba. Da yawa daga cikinmu mun ji daɗin maganar, har wasu suka ce an daɗe ba a ji jami'in gwamnati ya faɗi gaskiya irin wannan ba. To, madalla. Sai dai wanda aka ce kaya nasa ne, shi ake sa ran ya ɗauka. Shekaru sun shige tun daga ranar, ya kuwa kamata kowane uba da kowace uwa da ke riƙe da wannan mujalla su tambayi kansu: kayan nan da aka ce namu ne, mun sunkuya mun ɗauka, ko suna nan yashe a bakin ƙofa inda aka ajiye su?

Dalilin tambayar shi ne, akwai wadda ta riga ta ɗauka ba tare da ta nemi izinin minista ko na fasto ba, wato wayar hannu. Tun da layukan salula suka shigo Nijeriya a 2001, wayar ta yi ta kutsawa har ta kai inda ruwan famfo da kwalta da asibiti ba su kai ba. Ƙungiyoyin kiwon lafiya sun lura da haka, suka soma amfani da saƙon tes, da wasan kwaikwayo, da shafukan sada zumunta, domin su koya wa matasan unguwannin marasa galihu abin da ya shafi balaga, da ɗaukar ciki, da cututtukan da ake ɗauka ta wurin kwanciya. Iyaye masu bi suna da ikon su tambaya: daidai ne baƙon da ba mu san fuskarsa ba ya koya wa 'ya'yanmu asirin jikinsu? Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa wadda za a sallama da "i" ko "a'a" a tashi ba.

Bari mu fara da kunya, gama ita ce garkuwar da mukan ɗaga da zarar an taɓo zancen. Kunya abu ne mai kyau, al'ummar da ta rasa ta kuwa ta yi babban rashi. Amma mu tuna yadda take aiki a garuruwan da muka fito. Uwa ba ta zama da 'yarta ta yi mata bayanin jinin al'ada, gaskiya ne. A wasu gidajen ma ko sunan 'yar farinta ba ta kira. Sai dai shirun uwa yana da madogara. Akwai goggo, akwai inna, akwai kaka wadda wasan jika ya ba ta damar faɗin abin da bakin uwa ba zai iya furtawa ba. A ƙabilu da dama na Filato da kudancin Kaduna, akan keɓe samari lokacin kaciya, dattawa su koya musu abin da ake nufi da zama namiji. Bishara ta zo ta kawar da tsafin da ke cikin waɗannan al'adu, mun gode wa Allah. Amma ba a ko'ina muka kafa wani abu a gurbin koyarwar da ta tafi tare da su ba. Uwa takan yi shiru a dā domin ta san akwai mai magana a madadinta.

Yanzu sai mu dubi inda neman abinci, da kuma gudun tashin hankali, suka kai iyalanmu da yawa. Wasu suna Mpape a kan duwatsun da ke kallon Maitama, wasu Karmo, wasu Mararaba; wasu suna Ajegunle ko Agege ko Mile 12 a Legas; akwai kuma 'yan'uwanmu na Gwoza da suka sauka a Kuchingoro tun 2014 cikin rumfunan buhu da langa-langa. Goggo tana ƙauye, kaka ta rasu ko tana wani sansanin. Mutum bakwai suna kwana a ɗaki ɗaya, labule ne kaɗai ya raba gadon iyaye da tabarmar yara. Gida goma suna tarayya a banɗaki ɗaya. Uba mai gadi ne, yana fita da magariba. Uwa tana tuya a bakin titi har dare. Yarinya 'yar shekara 13 ita ke zuwa sayen ruwa, ita ke kai abinci wurin masu gini. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri ya ga abubuwa da yawa, ya ji da yawa, abin da kawai ba a yi masa ba shi ne bayani. Mun zo birni da shirun uwa, mun baro masu maganar a gida. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari, kuma abin ya fi yawa nesa ba kusa ba a gidajen da suka fi talauci.

Kada mai karatu ya zaci cewa in mun yi shiru, yaro zai zauna babu amsa. Tambayar da ta taso a zuciyar mai balaga ba ta komawa barci. Ƙawa za ta amsa. Mai shagon cajin waya, wanda ke tura wa yara waƙoƙi da finafinai a kan 'yan kuɗi kaɗan, zai amsa da abin da ke cikin kwamfutarsa. Mai kemis zai amsa, ya kuma sayar da ƙwaya. Daga irin waɗannan malamai ne 'ya'yanmu suke koyon cewa ba a ɗaukar ciki a karon farko, ko cewa ruwan gishiri da lemun tsami da ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta suna hana ciki in an sha bayan an gama, ko cewa ana gane mai ƙanjamau da ido domin yakan rame. Dukan waɗannan ƙarya ne, kowace ɗaya kuwa ta kai wata yarinya kabari ko ta raba ta da makaranta. A labarin gidan Dawuda cikin littafin Sama'ila na biyu, sura 13, da sha'awa ta kama Amnon har ya rame, wanda ya lura da ramarsa ya tambaye shi dalili shi ne abokinsa Yonadab, mutum mai wayo, shi ne kuma ya tsara masa dabarar da ta lalatar da Tamar. Yonadab ba ya taɓa yin nisa da matashi. A zamaninmu yana cikin aljihu.

Saboda haka zaɓin da ke gabanmu ya fi yadda muke zato ƙunci. Wayar ta riga ta shiga zancen, ko mun yarda ko ba mu yarda ba. Abin da ya rage shi ne ko a cikin muryoyi dubu da ke fitowa daga cikinta za a sami guda da ke faɗin gaskiya.

Masu ƙoƙarin sa wannan murya a ciki sun daɗe suna yi. A 2003 aka amince da manhajar koyar da zaman iyali da kariya daga ƙanjamau a makarantu, bayan an sauya mata suna an kuma rage wasu sassa saboda ƙorafin shugabannin addini. A 2007 aka fara wani shiri mai suna Learning about Living, wanda ya mai da wannan manhaja darussan kwamfuta, aka gwada a Legas da Kuros Riba da Abuja. A tare da shi aka buɗe layin da matashi zai aika tambayarsa ta saƙon tes ba tare da ya faɗi sunansa ba, ma'aikatan ƙungiyar Education as a Vaccine da aka horar su ba shi amsa. Tun daga lokacin irin waɗannan hanyoyi sun yawaita, sun koma WhatsApp da Facebook, har yanzu akwai manhajojin da ke amsa tambaya kamar mutum ne a zaune. Dabarar dai ɗaya ce: a ba yaro wurin da zai yi tambayar da yake jin nauyin yi, ba tare da an ga fuskarsa ba.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi tunani, domin wannan dabara tana faɗin wani abu a kanmu. Me ya sa yarinyar da ta ga jini a karon farko za ta gwammace ta tambayi baƙo a waya da ta tambayi matar da ta haife ta? Ai ba don wayar ta fi uwarta ƙaunarta ba ne. Dalili shi ne wayar ba ta zare ido. Ba ta cewa, "A ina kika ji wannan magana? Da wa kike yawo?" Ba ta kai ƙara wurin Baba, ba ta kuma ambata zancen a taron addu'a a matsayin roƙo. A gidajenmu da yawa tambaya kanta laifi ce. Wanda ya tambaya an ɗauka ya aikata, ko yana shirin aikatawa. Yaro kuwa ba wawa ba ne, sau ɗaya ake marinsa a kan tambaya ya gane inda ba a kai ta. Yawancin abin da ke damun mai shekara 12 ko 14 ba shi da haɗi da fasikanci ko kaɗan. Yaro ya farka ya ga ya jiƙe, yana tsoron ko ciwo ne, ko zunubi ne, ko mayu ne. Yarinya ta ga al'adarta ta tsallake wata guda, alhali ba ta san namiji ba, ta kwana bakwai ba barci, ba ta san cewa haka yakan faru a shekarun farko ba. Jumla biyu daga bakin babba sun isa su kwantar da wannan tsoro, amma sai a bar yaro da shi shekara guda.

Ko irin wannan koyarwa ta allo da waya tana aiki? Akwai abin da aka auna. Wasan kwaikwayon nan na talabijin, MTV Shuga, wanda aka fara a Kenya a 2009 aka kawo shi Legas a 2013, an shirya shi ne musamman domin ya koyar a kan ƙanjamau ta hanyar labarin samari da 'yan mata na birni. Masana uku, cikinsu har da Abhijit Banerjee wanda ya sami kyautar Nobel a 2019, sun gwada shi a kan matasa wajen 5,000 a garuruwan kudu maso yammacin Nijeriya: aka nuna wa wasu wasan, aka nuna wa wasu wani wasan dabam da ba ya koyar da kome. Bayan wata takwas, waɗanda suka kalli Shuga sun ninka sauran wajen zuwa gwajin ƙanjamau, aka kuma sami raguwar ciwon sanyi a cikin matan. Abin da zai ba wasunmu mamaki shi ne, amfani da kwaroron roba bai ƙaru ba. Abin da ya ragu shi ne tara abokan kwanciya da yawa a lokaci guda. Ni kaina ba zan zaunar da yaran makarantar Lahadi a gaban wannan wasa ba, gama akwai abubuwa a ciki da ba su dace da su ba, waɗanda aka gwada a kansu ma 'yan shekara 18 zuwa 25 ne. Amma wanda ya ce babu abin kirki da zai fito daga allo, sakamakon nan ya ƙaryata shi.

Babbar damuwar iyaye masu tsoron Allah ita ce, sani yakan buɗe ido, buɗewar ido kuwa takan kai ga gwadawa. Suna cewa in ka koya wa yaro yadda ake kauce wa sakamakon zunubi, ka cire masa tsoron zunubin ke nan. Ba na raina wannan magana, domin masu yinta sun san zuciyar ɗan adam. Amma tana tsaye ne a kan zaton cewa jahilci yana tsare yaro, abin da kuwa aka gani ya saɓa wa haka. Hukumar UNESCO ta tattara binciken da aka yi a ƙasashe da yawa ta fitar a 2018, aka tarar cewa koya wa matasa gaskiyar jikinsu bisa tsari ba ya sa su fara jima'i da wuri, sau da yawa ma yakan sa su jinkirta. Rashin sani ya fi dare duhu, mai farautar yara kuwa duhun yake so. Mutumin da ke lallaɓar 'yar shekara 14 a bayan shago ya fi kowa murna in ba ta san yadda ake ɗaukar ciki ba, domin shi ne zai gaya mata cewa sau ɗaya ba ya kome.

Wani gwaji da aka yi a makarantun yammacin Kenya, wanda masaniya Pascaline Dupas ta buga sakamakonsa a 2011, ya ƙara haskaka wannan. Manhajar gwamnati a can tana koyar da ƙaurace wa jima'i har aure, ba ta faɗin wani abu bayan wannan, horar da malamai a kanta kuwa bai rage yawan cikin 'yan mata ba. Sai aka je wasu makarantun aka faɗa wa 'yan matan abu guda da ba a taɓa gaya musu ba: cewa ƙanjamau ta fi yawa ƙwarai a cikin manyan maza fiye da samari tsararsu, wato mai mota da kuɗin nan da ke tsayawa a bakin makaranta ya fi kowa hatsari. Cikin shekara guda ɗaukar ciki a tsakaninsu ya ragu da kashi 28 cikin 100. Wannan bai nuna cewa koyar da tsarki banza ne ba. Ya nuna cewa "kada ki yi" wadda ba ta tare da bayani ba ta da ƙafafun tsayawa a gaban mai kuɗi. Mu ma abin ya shafe mu: binciken ƙanjamau na ƙasa na 2018 ya sami kimanin mutum miliyan 1.9 masu ɗauke da cutar a Nijeriya, kuma a cikin masu shekara 20 zuwa 24, mata sun ninka maza fiye da sau uku. Ba daga tsararsu kaɗai suke ɗaukowa ba.

Ya kamata kuma mu yarda cewa Littafi Mai Tsarki bai kai mu jin nauyin waɗannan abubuwa ba. Sura ta 15 ta Littafin Firistoci daga farko har ƙarshe magana ce a kan abin da ke fita daga jikin namiji da ta mace, da jinin al'ada, da jinin ciwo, da yadda za a bambanta su. Maimaitawar Shari'a sura 31 kuwa ta umarta a riƙa karanta shari'a a gaban taron jama'a duka, maza da mata da ƙananan yara. Littafin Karin Magana ya keɓe surori sukutum inda uba yake zaune da ɗansa yana yi masa bayanin yadda jaraba take zuwa, da irin kalmominta, da lokacin da takan fito, da inda take ƙarewa. Allahn da ya halicci jiki bai ji kunyar kiran sassansa ba. In har akwai ayoyin da mukan tsallake a sujadar iyali domin yara suna wurin, sai mu binciki ko wannan tsallakewa daga tsarki ta fito, ko daga al'ada da tsoro.

Duk da haka, akwai inda damuwar iyaye take da gaskiya, kuma masu shirya waɗannan saƙonni ba su cika son a faɗa ba. Babu koyarwar da ba ta ɗauke da ra'ayin mai koyarwa. Yawancin shirye-shiryen nan da kuɗin ƙasashen waje ake yinsu, abin da ake aunawa a ƙarshen shekara kuwa shi ne yawan waɗanda suka yi gwaji da yawan waɗanda suka karɓi maganin tazarar haihuwa. A idonsu, in an sami yardar juna kuma ba a kamu da cuta ba, ba a yi ciki ba, magana ta ƙare. A wurin mai bi kuwa ba ta ƙare ba. Mun gaskata cewa jiki haikali ne, cewa haɗuwar mace da namiji alkawari ne da ke ɗaure rai da rai, cewa akwai raunin da gwajin jini ba ya nunawa. Saƙon tes zai gaya wa yarinya ranakun da ta fi saurin ɗaukar ciki, wannan kuwa gaskiya ce, kuma gaskiya ba ta zama ƙarya don ta fito daga bakin wanda ba ya zuwa majami'a. Amma ba zai gaya mata darajarta ba, ba zai kuma gaya wa saurayi cewa 'yar mutane da yake bi ƙanwarsa ce a gaban Allah ba. Wannan rabo namu ne. Kuskurenmu shi ne mukan ƙi rabin da suke bayarwa, sa'an nan mu kasa ba da namu rabin.

Akwai kuma iyakar da wayar kanta take da ita a irin unguwanninmu, wadda mai zaune a ofis mai sanyi ba lalle ya hango ba. A gidan da ake da waya ɗaya, tana hannun uba ko babban wa. Yarinyar da ta fi kowa bukatar amsar ita ce ta ƙarshe da za ta taɓa ta, in ta ara kuwa tana tsoron a ga abin da ta rubuta. In ka ga 'yar talaka da sabuwar waya mai tsada, sau da yawa wanda ya saya mata shi ne ainihin mutumin da ake so a gargaɗe ta a kansa. Saƙonnin da yawa da Turanci suke, yarinyar da rikici ya fitar da ita daga aji uku na firamare kuwa ba za ta karanta su ba. Manhajar da ke amsawa da kanta takan yi kuskure, ta kuma faɗe shi da ƙarfin hali kamar likita. Sirrin nan da ya sa yaro yake sakin jiki da waya, shi ne kuma ƙofar da mugu yake shigowa: a 2024 kamfanin Meta ya rufe shafukan Instagram wajen 63,000 a Nijeriya, na masu yaudarar mutane su aiko da hotunan tsiraicinsu sa'an nan su yi musu barazanar tonon asiri in ba su biya kuɗi ba. Waɗanda suke wannan aika-aika ma 'ya'yan wasu ne a cikin ƙasar nan.

Mafi girma duka, waya ba ta da ƙafa. A ce yarinya ta rubuta da tsakar dare cewa maƙwabci ya yi mata fyaɗe. Amsa mai kyau za ta gaya mata ta je asibiti kafin awa 72 su cika, domin a cikin wannan lokaci ne maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau yake aiki. In tana Legas, za a iya ambata mata Cibiyar Mirabel da ke asibitin koyarwa na Ikeja, wadda tun 2013 take kula da irinta kyauta. Wannan sani yana ceton rai, kowace uwa da kowane dattijon ikkilisiya ya kamata su riƙe shi. Amma wa zai ba ta kuɗin mota? Wa zai riƙe hannunta a layin asibiti, wa zai tsaya a gaban maƙwabcin nan, wanda wataƙila shi ne mai gidan da suke haya? Da Tamar ta fito tana kuka da toka a kanta, wanta Absalom ya ce ta yi shiru tun da abin na cikin gida ne. Mahaifinta sarki ya ji, ya husata ƙwarai, bai kuwa yi kome ba. Ta ƙare kwanakinta a kaɗaice a gidan wanta, bayan shekara biyu kuma jini ya zuba a gidan Dawuda. Ta san abin da ya same ta sarai, har ta yi wa Amnon gardama da hujjojin shari'a. Babba ne ta rasa wanda zai tashi tsaye dominta.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi wuyar faɗa a mujallar ikkilisiya. Yaranmu suna kallon yadda muke yi da wadda ta yi ciki ba aure. Suna ganin an kira sunanta a gaban taro, an sa ta ƙarƙashin horo, ta koma bencin baya, an cire ta daga ƙungiyar mawaƙa. Suna kuma ganin cewa wanda ya yi mata cikin, tun da nasa ba ya fitowa a gaba, sau da yawa yana nan a kujerarsa, wani lokaci ma kujerar tana kusa da bagade. Horo yana da wurinsa, an kafa shi domin a komo da wanda ya bauɗe. Amma darasin da 'yar shekara 15 take ɗauka daga wannan kallo shi ne, abin da ikkilisiya ba ta gafartawa shi ne a gani. Daga nan ne take yanke shawarar cewa in ta shiga uku, gara mai kemis da ƙwayoyinsa, ko ɗakin bayan gida inda ake zubar da ciki da ƙarfe, da a ce Mama ta ji. Muddin haka muke, kowace tambaya za ta ci gaba da tafiya waya, mu kuwa sai labari ya iso mana daga asibiti.

Manzo Bulus ya rubuta wa Titus cewa tsofaffin mata su koya wa ƙanana. Ga Zumuntar Mata muna da ita a kowace ikkilisiya, ko ta rumfar langa-langa ce, kuma da wuya ka sami taron da babu nas ko ungozoma ko ma'aikaciyar lafiya a ciki. Abin da birni ya ƙwace mana goggo ce, zumunta kuwa tana iya mayar da ita: kowace yarinya da ta kai shekara 10 a san mace guda mai hankali, mai riƙe asiri, wadda uwar ta amince da ita, aka kuma gaya wa yarinyar a fili cewa wannan za ki iya tambayarta kome, ba za a doke ki ba. Riƙe asirin shi ne ginshiƙin abin. Ranar da maganar yarinya ɗaya ta fita zuwa bakin famfo, an rufe ƙofar ke nan ga sauran duka. Samari sun fi 'yan mata zama marayu a wannan fanni, domin yarinya ko ba kome jini yakan tilasta a ce mata wani abu, yaro kuwa babu ranar da aka sa masa. Zumuntar maza da shugabannin Rundunar Samari suna da aiki a nan wanda ya wuce fareti da ganga.

Wayar kuma kada a bar ta a hannun Yonadab shi kaɗai. Nas ɗin da ke cikin ikkilisiya za ta iya zama ta duba layukan tambaya da shafukan da ake da su, ta aika musu tambayoyi da kanta ta ga irin amsar da suke bayarwa, ta faɗa wa iyaye wanda ya cancanta da wanda za a guje wa. Za ta iya ɗaukar muryarta da Hausa, minti uku uku, a kan jinin al'ada, da mafarkin balaga, da ƙaryar ruwan gishiri, da awa 72 ɗin nan, a tura ta WhatsApp ɗin zumunta, domin uwar da ba ta iya karatu ba, bakinta kuma ya yi nauyi, ta kunna ta ajiye a tsakaninta da 'yarta su saurara tare. Uwar ba sai ta ce kome ba a ranar farko. Ya isa yarinyar ta ga cewa an faɗi waɗannan kalmomi a cikin ɗakinsu, Mama tana zaune, ba ta tashi ta fita ba.